Hula Biyu a Sararin Samaniya

"Cire sunana!"

Na bankaɗe ƙofar ɗakin tace fim ɗin har ta bugi bango. Darakta, mutumin da nake shirin aure, ya juyo daga gaban kwamfuta da murmushin nan nasa da ya saba kashe mini jiki.

Yau bai kashe komai ba.

"Tauraruwata, ko sallama babu?"

"Kada ka ƙara ce mini tauraruwa! Na ce ka cire sunana daga tallan fim ɗinka!"

Ni injiniya ce a cibiyar da ke harhaɗa ƙaramin tauraron ɗan adam, wanda zai riƙa hango ambaliya kafin ta cinye gonakin mutane. Shi kuma fim yake yi a kan wasu 'yan sama jannati biyu masu son juna. Da ya nemi in taimaka masa, da zuciya ɗaya na yarda. Babu abin da ban koya masa ba. Na ce masa a can sama babu iska, kuma inda babu iska babu sauti. Har kunnensa na sa ya ɗora a kan tebur, na ƙwanƙwasa ɗaya gefen da farce, don ya ji yadda sauti ke bin jikin abu mai tauri. Yana ta gyaɗa kai yana kallon idona.

Ashe idon kawai yake kallo!

"Kunna mini," na ce. "Kunna mu sake ganin abin kunyar tare."

Ya kunna. Kumbo ya fashe da wata ƙara kamar an tuntsurar da motar kwanuka. Rediyon jarumin ya mutu. Sai jarumar fim ɗin ta cire hular kwanonta a tsakiyar sararin samaniya, gashinta yana kaɗawa, ta ƙwala ihu, "Ina son ka!" Shi kuma daga can nesa ya ji ta sarai. A ƙasa ga sunana ɓaro-ɓaro a matsayin mai ba da shawara kan kimiyya, har da sunan cibiyarmu.

"Ka san inda na fara ganin wannan?" na ce. "A gaban kwamitin kasafin kuɗi! Ina tsaye ina yi musu bayanin dalilin tsadar harba tauraro, cewa kowane ƙusa sai an biya kuɗin nauyinsa a roka. Sai wani mai sanƙo ya ɗaga wayarsa ya kunna musu. Ya ce, Injiniya, a cikin kuɗin nan har da na fankar da za ta kaɗa gashi a sama?"

Darakta ya sunkuyar da kai.

"Suka yi ta dariya har da buga tebur. An jingine aikinmu. Aikin da muka daina barci a kansa!"

"Ki yi haƙuri... amma fim ne fa, ba aji ba. Mutane soyayya suke zuwa gani."

"Soyayya da gawa? Wadda ta cire hula a can, kafin ta gama buɗe baki ta suma!"

"Wai ni kam, surutun me ake yi?"

Sai lokacin na lura da ita. Jarumar fim ɗin ce kwance a doguwar kujera tana goge farce, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Baiwar Allah, fuskata ake saye, ba kwano ba," ta ce. "Na yi kwalliya tun safe, sannan a kifa mini tukunya a kai? Darakta, ai na faɗa maka masu boko da yawa ba su iya zama da mutane ba."

Na jira ya tsawata mata.

Ya yi shiru.

Shirun nan ya fi dariyar kwamiti ƙona mini rai. Na zare zobensa na ajiye kusa da kwamfutar.

"Ga wannan. Ka sa shi a fim, ya fashe da ƙara."

A gida ma ban samu sauƙi ba. Abba ya ninke jaridarsa da alamar wanda aka ba gaskiya.

"Dama na faɗa miki. Mai fim? Mutumin da sana'arsa ƙarya ce da fitila?"

"Haba Malam, ka bar yarinya ta ji da abu ɗaya," in ji Umma.

"Ita ma da tata. Ga ƙasa nan a shimfiɗe, ta ce sai sama. Kuɗin da za a gina asibitoci, a ɗaure a gindin wuta a cilla!"

"Abba, ambaliyar da ta cinye gonar Kawu, da tauraron nan yana sama da an kwashe amfanin kafin ruwa ya iso."

Ya buɗe jaridar a juye.

Da na koma aiki na ci karo da mai sanƙon nan a matakala. Yana washe baki ya ce, "Kada ki ji haushi, Injiniya. Ai jarumar 'yar ƙanwata ce. Ita ta turo mini, ta ce lallai in nuna a zaman."

Ashe haka ne! So take ta raba ni da Darakta, ta kuma haɗa da aikina. Amma ko da na gane makircinta, fushina bai sauka daga kan Darakta ba. Ita ta cire hular, amma wa ya riƙe kyamarar?

Ya kira, ban ɗaga ba. Ya zo ƙofar cibiya, na ce a faɗa masa ina sama.

Kwanaki suka ja. Wata safiya Abba ya leƙo ɗakina da makullin mota a hannu.

"Tashi ki shirya."

"Ina za mu?"

"Wurin maƙaryacin nan naki." Ya gyara murya. "Ya zo nan ya durƙusa. Ya janye tallan, ya je gaban kwamitinku da ƙafarsa ya ce laifinsa ne, ke kin faɗa masa gaskiya ya ƙi ji. Rabin fim ɗinsa ya zubar. Har yanzu ban son sana'arsa, amma wanda zai yi asara don kada a yi wa 'yata dariya, ya kamata a ji ta bakinsa."

Wurin ɗaukar fim ɗin wani tsohon sito ne da aka lulluɓe da baƙin yadi, an liƙa ƙananan ƙwayayen fitila a matsayin taurari. A lungu na hango ƙatuwar fankar, an kifa ta, igiyarta a naɗe.

Darakta ya rame. Bai yi murmushi ba.

"Ina Jarumar taka?" na tambaya.

"Na ce ko hula ko ƙofa. Ta zaɓi ƙofa."

"Ka makara. Ranar da ta zage ni ya kamata ka buɗe baki."

"Na sani. Tsoron kada fim ya rushe ya sa na bari ke kika rushe. Zauna ki gani... don Allah."

Ya kunna allon.

Kumbo ya fashe. Haske ya cika ko'ina, ƙarafa suka watse, amma tsit kake ji. Sabuwar jaruma tana shawagi cikin hularta, leɓenta yana motsi, saurayin yana girgiza kai, ba ya jin komai. Sai ya jawo igiyar da ta haɗa su a hankali, har gilashin hularsa ya taɓa nata.

Nan take muryarta ta fito, ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya.

Na juyo na dube shi. "Wa ya faɗa maka wannan?"

"Ke. Ranar da kika sa na ɗora kunne a tebur. Kika ce sauti yana bin abu mai tauri. Na ce to, in babu iska, ai akwai hula."

"Ashe kana ji?"

"Ina ji. Taurin kai ne kawai, kuma kin ga shi ma yana ɗaukar sauti."

Na danne dariyar da ta taso mini, don ban gama fushi ba.

"Taurarin nan naka suna ƙyaftawa. A can sama ba sa ƙyaftawa."

"Za a gyara, ranki ya daɗe."

"Kuma sai na duba kowane fage kafin sunana ya hau."

"Har da na cin abinci."

Ya ɗauko huluna biyu daga kan akwati, ya miƙo mini ɗaya. Na waiwayi Abba. Ya juya baya, wai yana duba yadda aka ɗaura fitilu.

Na kifa hular. Shi ma ya kifa tasa. Na ga bakinsa yana motsi, na ɗaga kafaɗa, na nuna kunnena. Ya matso a hankali har gilashi ya taɓa gilashi.

"Tauraruwata," muryarsa ta ratso hular, "za ki karɓi zobenki?"

"Zan karɓa."

"Kin ga? Kimiyyarki ta yi aiki!"

"Darakta, nan duniya ce, akwai iska. Tun farko na ji ka."

"To me ya sa kika ce ba ki ji ba?"

Na miƙa masa yatsana.

"So nake ka matso ka maimaita."