Allon da Ya Ƙi Kawowa

Fanka na juyawa, ƙaramar fitilar akwatin kwamfutar tana ci, amma allon baƙi ƙirin. Haka Kawu ya tarar da babbar kwamfutar shagon yayarsa, wadda ake tace bidiyo da ita, aka kuma dogara da ita bayan Allah. Gyaran kwamfuta ne sana'arsa, shi ya haɗa wannan da hannunsa. Kowa a shagon Kawu yake ce masa, saboda Auta, ɗan Yayar, wanda ya girma a gindin teburin gyaransa.

"Yau za a zo karɓar bidiyon yaye ɗalibai," in ji Yaya, tana safa da marwa. "Na yi alkawari. Ka duba min abin da yarinyar nan ta ɓata."

Yarinyar da take nufi uwar 'ya'ya biyu ce, mai tace bidiyon shagon. Shiru ake ce mata, sunan kuwa ya bi jiki. Tana tsaye jikin bango, hannuwa a harɗe.

"Me ya faru?" Kawu ya tambaye ta.

"Tun shekaranjiya take jan ƙafa. Na ce ko ƙura ce. Na kashe, na zare wayoyi, na goge, na mayar, na kunna. Shi ke nan."

Kawu ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. Ya canza wayar allo, babu labari. Ya jona wani allon, duk kanwar ja ce. Ya zare wayar wuta, ya danne maɓalli na ɗan lokaci, ya mayar, ya sake kunnawa. Allon ko ƙyaftawa bai yi ba.

Auta na jingine a bakin ƙofa yana latsa waya. Bai ko ɗago ba ya ce, "Kawu, gwada ramin sama mana."

"Kai ma ka sani in da katin hoto a ciki, ramin sama ba ya kawowa," in ji Kawu. "Ko karatun ya zube?"

A bayan akwatin ramuka biyu ne na jona allo. Na sama na injin ne kansa, na ƙasa na katin hoto, wato abin da ya fi komai tsada a cikin kwamfutar, wanda ke ba ta ƙarfin tace bidiyo.

Ya ɗauko sukudireba ya buɗe murfin. Kallo ɗaya ya yi, ya gane abin da ya faru. Katin da ya sa mai fanka uku ne, sabo fil. Wanda ke ciki yanzu tsoho ne mai fanka ɗaya, duk ya dafe. An dai cusa shi ne ya toshe gurbi, don wanda ya leƙa baya kada ya ga giɓi.

"Yaya, ba lalacewa ba ce. Sata ce. An ɗauke katin."

Yaya ta yi salati, ta juya kan Shiru kamar dama jira take. "Makulli biyu ne, nawa da naki. Ki fito min da kayana tun muna mu biyu, ko in kira 'yan sanda su fitar da ke a gaban 'yan kasuwa."

Ta zaro wayarta ta fara danna lamba. Tausayin Shiru ya kama Kawu. Ya san in aka fita da ita daga shagon nan da sunan ɓarauniya, ko an wanke ta daga baya, babu mai sake ba ta makullin ko da kejin kaji ne.

"Ajiye wayar nan tukuna," ya ce wa Yaya. "Kira min Dogo."

Dogo, mai ɗaukar bidiyo, ya shigo yana hamma.

"Ina kake tun farkon mako?"

"Wajen gari, ɗaukar taron manoma. Jiya da yamma na dawo, Hajiya ce ta tura ni."

Yaya, wadda ma'aikata ke ce wa Hajiya, ta gyaɗa kai.

"Ka taɓa buɗe akwatin nan?"

"Ni? Kawu, ko batirin rimot sai an nuna min kai da gindi."

Kwamfutar ta fara ciwo Dogo ba ya gari, makulli kuma ba ya hannunsa. Kawu ya sallame shi, ya koma kan Shiru.

"Da kika zare wayar allo, daga wane rami kika zare ta?"

Ta yi ɗan tunani. "Na sama. Har na yi mamaki. Na ɗauka mai shara ce ta tuge ta ta mayar ba daidai ba."

"Sai kika mayar ina?"

"Ƙasa. Inda ka ce kullum nan ne wurinta."

Kawu ya zare tsohon katin ya juya bayansa, yana addu'ar kada ya ga abin da zuciyarsa ta fara raya masa. Ga shi kuwa a kusurwa: ɗigon jan farce. Tun yana yaron shago al'adarsa ke nan, duk kayan da ya tabbatar ya mutu sai ya ɗiga masa jan farce kafin ya jefa shi kwali, don kada wata rana a sayar wa wani bisa kuskure. Kwalin yana ƙarƙashin teburinsa. Mutum ɗaya ne ke shiga ya tona shi ba tare da ya nemi izini ba.

Ya mayar da katin, ya ɗauki wayar allo ya soka a ramin sama, ya kunna. Allon ya kawo tar. Bai taɓa gyara kwamfuta ya ji baƙin ciki irin na yau ba.

"Yaya, zauna ki ji. Wanda ya ɗauke katin ya sa matacce a gurbinsa, sai ya mayar da waya sama don allo ya ci gaba da kawowa. Shi ya sa take aiki amma tana jan ƙafa. Da Shiru ce, ba za ta mayar da wayar ƙasa ta tona wa kanta asiri ba. Ta mayar ne don ba ta san katin matacce ba ne." Ya nuna mata ɗigon jan farcen. "Wannan mataccen kuma daga kwalina ya fito. Ga alamata."

"Kai kuma? Me kake nufi?"

Kawu ya juya ga bakin ƙofa. "Auta, akwatin nan yana rufe ka ce in gwada ramin sama. Ni na koya maka ba ya kawowa in kati na da rai. Ya aka yi ka san ba shi da rai?"

Yatsan Auta ya tsaya a kan waya. "Cewa kawai na yi."

"Ina Yaya take ajiye makullinta?"

Yaya ce ta amsa, muryarta can ƙasa. "A jakata. A falo."

"Ban sayar ba," in ji Auta da sauri. "Yana ɗakina, cikin tawa kwamfutar. Mama, sau nawa na ce ki ba ni kujerar nan? Ni ɗanki ina ɗaukar fitilu, bare tana zaune gaban inji. Na ce in aiki ya yi ta makara za ki gaji ki sallame ta."

"Kana tsaye ana shirin kira mata 'yan sanda," Kawu ya ce, "ka yi shiru."

Auta ya sunkuyar da kai. Yaya ta dubi wayar da ke hannunta, lambar na nan a rubuce, saura dannawa. Ta kife ta a cinya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Kawu ya san da haka, Shiru ma ta sani, don idonta na kan wayar.

"Je ka ɗauko," in ji Yaya. Sannan ta juya ga Shiru. "'Yata, ki yi haƙuri. Zafin rai ne."

Shiru ta ja kujera ta zauna gaban allon. "In an mayar da katin zan ƙarasa bidiyon, don masu shi ba su yi min komai ba."

Ta zuge jakarta, ta ciro makullin shagon, ta ɗora shi a kan tebur kusa da sukudireban Kawu. Babu wanda ya iya ce mata ta mayar da shi jaka.