Layin da Ya Tsaya Bayan Absalom

"Ba zan tsaya ba, Keziah. Na ce miki ba zan tsaya ba!"

"Haka ka ce bara."

"Bara daban..."

"Bara waccan ma haka ka ce, Kyaftin."

Ya tsani in kira shi Kyaftin, shi ya sa nake kiransa. Muna kan keken doki, za mu filin atisayen 'yan sa-kai, inda yau za a zaɓi kyaftin ɗinsu.

Tun da na auri Absalom Pruitt, rabin miji nake da shi. Sanyi na kamawa yana majalisa a Kaskaskia, ana ta gardamar inda za a yanka hanya. Ƙanƙara na narkewa ya rataya bindiga ya ja mazan gari sintiri bakin kogin Wabash. Ni ce noma, ni ce faskare, ni ce tatsar saniya. Da zazzaɓi ya ɗauke mana jaririyarmu, ni da maƙwabciya muka haƙa kabarin, shi yana can yana jawabi. Allah ya sani na gaji.

"In ka sake karɓa, zan kwashi yarana in koma wurin Mama a Kentucky."

Ya kamo hannuna ya ɗora a ƙirjinsa. "Kezi tawa... ko za su yi kukan jini, na bari. Majalisar ma na bari. Gefenki zan tsaya yau, ki gani da idonki."

Na yarda. Tun ina budurwa wawuya ce ni a kan mutumin nan.

Kyaftin dai ba ƙuri'a ake jefa masa ba. Mai so ya fito tsakiyar fili, kowa ya tsaya bayan gwaninsa, mai dogon layi ya ci. Silas Crabb mai gidan giya kaɗai ya fito, sai kumbura yake cikin sabuwar riga mai maɓallan tagulla. Kowa ya san shi ya taɓa tura mutane cikin kogi ana ambaliya, biyu ba su fito ba.

Absalom kuwa yana jingine da kekenmu, hannuna cikin nasa.

Tsoho Jubal maƙeri ne ya ɓata min rana. Ya ɗingiso, ya zagaya, ya tsaya a bayan mijina.

"Baba Jubal, ban fito ba fa."

"Wa ya ce ka fito? Inuwa nake sha."

Aka kwashe da dariya. Wani ya biyo shi, wani ma ya biyo... kafin ka ce kwabo layi ya kai rijiya.

"Ku watse!" in ji Absalom. "Na yi wa matata alkawari!"

"To, uwargida," Jubal ya cire hula, "sai ke ki sallame mu."

Na juya zan wanke su tas, don bakina cike yake. Sai idona ya faɗa kan ƙanina Eli a cikin layin, autan gidanmu, wanda Mama ta damƙa min amanarsa ranar da ya biyo mu. Bana zai fara fita sintiri. Ko iyo bai iya ba.

"Yaya..." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Na waiwaya na kalli Silas. Yana tangaɗi, yana gyatsa.

"Kada ki dube su," Absalom ya raɗa min. "Hau mu tafi gida, masoyiyata."

Da gaske yake. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, yau kam da gaske yake.

Na zare hannuna daga nasa.

"Kezi..."

"Je ka."

"Alkawarina fa?"

"Na yafe," na ce. "Ka dawo min da Eli da ransa. Kai ma, in sun bar min saura, ka dawo."

Hawaye ya cika masa ido. Ya buɗe baki, amma ihun mutane ya danne shi, suka ɗaga shi sama suka yi tsakiyar fili da shi.

Ni na ja linzami zuwa gida. Ban yi kuka ba sai da na wuce gadar katako, inda ba mai ganina. Can ƙaramin ɗana ya farka a bayan keke, yana murza ido.

"Mama, ina Baba?"

"An zaɓe shi," na ce. "Koma barcinka."