Masu Jira a Gindin Hasumiyar Calton

Ƙarfe huɗu na taso daga aiki, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na iske ƙofar gidanmu a buɗe, shayin Baba ya huce a kan tebur. Ya sake fita ke nan. Ko kuka ban yi ba, gajiya ta hana ni. Na san inda zan same shi.

Mahaifina Murdo tsohon ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Leith, ɗan ƙungiyar ƙwadago har cikin ɓargo. Tun ina ƙarama, duk zaɓen da aka yi sai ya hau tsohuwar maƙabartar Calton, ya tsaya gaban doguwar hasumiyar dutsen nan da aka gina don mutanen da suka nemi a bai wa talaka ƙuri'a, aka kama su, aka tura su Ostireliya a jirgin ruwa. Wai rahoto yake kai musu. To tun da mantuwa ta kama shi, kullum ranar zaɓe ce a wurinsa, ni kuwa kullum ranar cigiya.

Lokacin sanyi ne, duhu ya soma tun da wuri. Hazon teku ya rufe Edinburgh. Agogon tashar jirgin ƙasa ya ɓace, hasumiyar Nelson da ke kan tudu ma haka. Na hau matakalar maƙabartar ina haki.

Yana tsaye a gindin dutsen, da silifas ɗin gida, hularsa a hannu.

Na ce, "Baba, don Allah mu tafi. Na gaji wallahi."

Ya ce a hankali, "Elspeth, manya na magana kina magana? Haka na rene ki?"

Na kama hannunsa. Sai ƙarar motocin titi ta ɗauke ɗif.

Wani wari ya taso, na kwalta da jiƙaƙƙiyar igiya da ruwan gishiri. Na ji katako yana ƙara, alhali babu katako a wurin. Na ji ana jan sarƙa a ƙasa.

Ƙasar da nake tsaye a kai ta karkata hagu. Ta dawo dama, kamar jirgin ruwa a kan teku.

Sannan na gan su a cikin hazon, zazzaune tsakanin kaburbura, ruwa na ɗiga daga tufafinsu. Sun fi sunayen da aka sassaƙa a dutsen yawa nesa ba kusa ba. Waɗannan babu wanda ya tuna da su.

Wata murya ta yi raɗa: "Murdo, an yi nasara?"

Baba ya gyara tsayuwa. "Ƙuri'a dai mun samu. Amma ga 'yata nan, aiki biyu take yi, a tsaye take barci."

Suka yi ajiyar zuciya a tare.

"Ashe har yanzu jirginmu bai kai gaci ba," in ji muryar. "Taho, akwai wuri. Ka gaji. Ita ma ta gaji da kai."

Maganar ta soke ni, don ba ƙarya ba ce. Yatsuna suka saki hannunsa.

Baba ya ɗaga ƙafa.

Ruwa ya shanye silifas ɗinsa.

Na yi ihu, na caƙumi kwat ɗinsa da hannu biyu. Wani abu yana ja ta can, mai nauyi, mai haƙuri. Na ja. Kwat ɗin ya yage. Muka gangaro matakala tare, muka zube a bakin titi, wata bas ta danna mana oda.

Na kawo shi gida, na yi ta gode wa Allah.

Tun ranar bai ƙara neman ƙofa ba. Yana tafiya ƙafafu a wawware, yana dafa bango, abinci ba ya zama a cikinsa. Likita ya duba kunnuwansa da kansa, bai ga komai ba. Maƙwabciyarmu Morag ta ce ai yanzu na huta. 

Jiya da safe na kai masa kunu. Ya riƙe kwanon gam kada ya zube, ya daɗe yana kallona da tausayi, kallon baƙuwa.

Ya rage murya ya ce, "Baiwar Allah, ke kuma me kika yi suka sa ki a jirgin nan?"