Hannun Tifa a Ƙaramar Mota

Da hantsi mai kantin magani ta shigo caji ofis ta ce an sace motarta daga gareji. Ƙanenta ne ya rako ta, wani ƙosasshen direban tifa da take kira Auta. Shi ya ce ya hango Baba, tsohon direban gidan, yana buɗe garejin da sassafe.

Kan wannan maganar Sajan ya je ya ɗauko tsohon ya sa shi a bayan kanta. Ba a jima ba 'yan sintiri suka kira, sun ga motar a ƙasan gangaren da ke bayan gidan mai, a mace.

Sufeto mutum ne mara gaggawa. Ya tafi da bakaniken ofis, ya bar shi da injin, shi kuma ya hau gangaren da ƙafa. A tsakiya ya tarar da baƙin zanen taya guda biyu a kwalta, gajeru. Ƙofar motar lafiya lau, ba a taɓa wayoyin makulli ba.

Bakanike ya goge hannu ya ce mai cike yake, ruwa ma haka, amma bawul ɗin cikin injin duk sun lanƙwashe. Wanda ya tuƙa ta, in ji shi, yana gudu a giya lamba biyar, ya so ya dawo huɗu, hannunsa ya zarce biyu. Da ya saki kuloci sai tayoyi suka tilasta wa injin juyin da ya fi ƙarfinsa.

"Kamar ka ɗaure tsoho a bayan babur ne, ranka ya daɗe. Dole ƙafa ta karye."

A ofis, Baba ya rantse yana gida tun safe. Sufeto bai musa ba. Ya zauna yana kallon yadda tsohon ke kare fuska daga hasken taga, idanunsa na zubar ruwa.

"Baba, wa ya ɗiga maka magani a ido?"

 Tsohon ya ce asibitin ido ya je a ɓoye, don in uwar ɗakinsa ta ji ganinsa ya fara rauni, aikin da yake ci da iyali ya ƙare. Kofur ya je asibitin ya dawo ya tabbatar tun sassafe Baba yana can.

Makullin mota a rataye yake a falo, mutum uku suka san wurin: mai motar, Baba da Auta. Auta ya ce shi yana wajen lodin yashi, kuma ƙananan motocin nan ba ya ko taɓa su, kayan wasan yara ne. Sufeto ya yi dariya tare da shi, sannan ya ce gwiwarsa na damunsa, ko zai taimaka ya ja shi a tasa ƙaramar motar su duba wurin? Yayar Auta ta shiga baya.

Hira suka yi ta yi a hanya, ta tsadar taya da rashin mutuncin masu babur. Auta ya saki jiki. Da suka doshi gangaren bai nemi birki ba, don mai babbar mota da giya yake rage gudu. Ya take kuloci, ya damƙi giyar da dukan tafinsa, ya fizgo ta wajen cinyarsa.

Sufeto ya ɗora hannu a kan nasa.

"Kada ka ɗaga ƙafarka. Dubi inda ka sa ta."

Auta ya duba. Lamba biyu. Ya taka birki a hankali har motar ta tsaya a gefen titi.

"Giyar tifa sai da ƙarfi," in ji Sufeto. "Wannan da yatsu biyu ake lallaɓa ta."

Auta ya kifa kai a sitiyari ya faɗi komai. Gidan surukansa ya so ya je gaisuwa a motar mutunci, ba a tifa ba. Da injin ya yi ƙara ya mutu, kunya ta hana shi komawa da gaskiya, ya ga Baba ne ba shi da mai tsaya masa.

"Yaya, wallahi na yi niyyar gyara ta."

"Mota ai ƙarfe ce, Auta," ta ce, muryarta a ƙasa. "Mutumin da ya goye ka zuwa makaranta ka sa aka rufe."

Sufeto ne ya tuƙo su zuwa ofis, gwiwarsa garau. Sajan ya buɗe bayan kanta, Baba ya fito yana laluben takalminsa. A ƙofar suka yi kiciɓis. Tsohon ya matso dab da fuskar wanda ake shigarwa kafin ya gane Auta ne, sai ya raɓe jikin bango ya ba shi hanya.