Tankin da Ake Yi wa Sallama

Aikinmu shi ne kwashe iska kakaf daga wani tankin ƙarfe, kafin mu shafa wa madubai alminiyam a cikinsa. Famfon yana tafasa mai a gindinsa, tururin ya kora iskar waje, ruwan sanyi ya sake mai da tururin mai. Ogana ba ya kunna shi sai ya yi wa tankin sallama, ya ɗan jira. Ni kuwa dariya nake masa.

Ran da ya kwanta asibiti na kunna abina ba sallama. Da magariba ma'auni ya nuna babu sauran iska. Sai ga wani tsoho tsaye a bayana, rigarsa sharkaf da mai, ƙofa kuwa a kulle.

"'Yata, kashe wutar nan. Jikokina sun kasa numfashi."

"Baba, waɗanne jikoki? Ni kaɗai ce a nan."

Bakinsa ya motsa, amma daga cikin tankin muryar ta fito.

"Oganki yakan jira mu fita."

Na haska ƴar tagar gilashin tankin. Mai ya dusashe ta. Daga ciki, wani ɗan mitsitsin hannu yana goge shi a hankali.