Abin da Aka Saƙa a Hawa na Huɗu

Ƙarfe huɗu ne na yamma, amma a garin Burnley na Ingila cikin Disamba duhu ya riga ya sauka. Clive, makaɗin gangar ƙungiyarsu, ya tsayar da mota a ƙofar tsohuwar masaƙa, ya ƙi kashe inji.

"Ni fa ba inda zan hau, Glenda. Gwiwata."

"Gwiwar da ka yi rawa da ita jiya? Ka shafa baƙin kwalli kana kaɗa waƙar kabari, amma matakala ta fi ƙarfinka. Zauna, matsoraci."

Gobe da safe za a rushe ginin. A hawa na huɗu kuwa suka baro naɗin tef ɗinsu, guda ɗaya tal, ba kwafi. Waƙoƙi tara ne masu nauyin zuciya, aikin wata bakwai, dukkansu da muryar Glenda. Amon ɗakin ne ya kai su can ɗaukar waƙoƙin: ka doki ganga sau ɗaya, bango ya amsa maka sau uku.

Glenda ba baƙuwar wurin ba ce. Uwarta Hilda a wannan hawan ta ƙarar da ƙuruciyarta, ta fito kurma. Matan masaƙa, saboda rugugin injuna, da leɓe suke hira, ba murya. Glenda ta iya wannan tun kafin ta iya karatu.

Ta hau da tocila. Hawa na biyu, warin tattabaru da danshi. Hawa na uku, warin man inji. A na huɗu sai ƙamshin ɗanyar auduga, alhali shekara goma rabon da auduga ta shigo ginin.

Gwangwanin tef yana kan tebur inda suka bar shi. Ta ɗauka.

Daɓen ya fara rawa a ƙarƙashin takalminta.

Kat-kat. Kat-kat. Kat-kat.

Ta juya. Ɗakin da suka sani fayau ya cika da injunan saƙa, layi-layi. Mata a tsaye, ƙurar auduga fari fat a gashinsu. Ba wadda ta ɗago.

A bakin ƙofar da ta shigo, wani mutum ne da falmaran da agogon aljihu. Heluman masaƙa, mai sa ido kan ma'aikata. Muryarsa ta ratsa rugugin kamar a kunnenta yake.

"Abin da aka saƙa a ƙarƙashin rufin nan na maigida ne. Ko zare ɗaya ba ya fita. Ajiye."

Glenda ta ƙanƙame gwangwanin, bakinta bai mutu ba.

"Kun ci kunnen uwata. Bai ishe ku ba?"

Ya miƙo hannu. Murfin gwangwanin ya ɗaga da kansa. Bakin tef ɗin ya zaro, ya bi iska, ya naɗe a yatsansa. Ya fara ja.

Yana ja, maƙogwaronta yana shaƙewa. Ta buɗe baki. Ba murya.

Matar da ke injin kusa ta ɗan karkato kai, hannunta bai bar aiki ba. Leɓunanta suka motsa.

"'Yar Hilda?"

"Ni ce," Glenda ta mayar da leɓe.

"Wannan jakin ba ya gane hirarmu. Shekara talatin muna zaginsa a gabansa. Ƙaramar ƙofa bayan bututu, inda muke laɓewa shan taba. Cije zaren, 'yar nan."

Ta cije.

Tef ya tsinke. Iska ta koma ƙirjinta.

Ta ruga, heluma ya biyo ta. Matan suka sako masa kwandunan zare a hanya, ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta dube shi.

Bututu. Ƙofa. Matakalar ƙarfe, ruwan sama a fuska.

Ihunsa ya cim mata a kunnen hagu, sau ɗaya, kamar an soka tsinke.

Clive ya gan ta tafe, jini a wuya, gwangwani a ƙirji. Tana faɗawa ciki, ya ja mota.

Faifan waƙoƙin ya fito da bazara. Waƙar ƙarshe tana yankewa a tsakiyar baiti, kuma Glenda ta hana a sake rerawa. Abin da heluma ya ƙwata ya riƙe, ta ce, sauran nata ne. Kunnen hagun bai ƙara jin komai ba.

Ranar da ta kai wa uwarta faifan, Hilda ta ɗora tafin hannu a kan lasifika, don da hannu take sauraro. Har waƙa ta yanke ba ta ɗauke ba. Allura tana ta zagaya wurin da babu kiɗa, amma lasifika ba ta daina bugun tafin hannunta ba.

"Injin Nellie ne wannan, abokiyar aikina," ta ce. "Kullum yana tsallake bugu ɗaya. Ashe har yau ba su gyara mata ba. Me ta ce miki?"

"Wai shekara talatin kuna zagin heluma."

"Talatin da ɗaya," in ji Hilda. "Ƙara sautin."