Wadda Muka Bar wa Iya

"Na ce maka tabon nan ba na faɗuwa ba ne, Zahar! Zagaye yake da wuyan hannun Iya kamar awarwaro!"

Zaharaddeen ya kashe mashin ɗinsa a bakin makarantar da take koyarwa a Gusau, ya dube ta da idanun nan masu sanyi da suka saba kashe mata jiki.

"Haba Bara'ata... Iya tsohuwa ce fa, ga ciwo. Ko ɗan riƙe ta aka yi sai jiki ya nuna."

"To barcin fa? Duk Asabar ɗin da na je, barci nake iske ta. Iyar da da rana ko runtsawa ba ta yi?"

"Fito fili. Yaya Uwani kike zargi?"

Bara'atu ta sunkuyar da kai. Yaya za ta ce eh?

Uwani ita ta raini Zaharaddeen a Tsafe bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da Iya, mahaifiyar Bara'atu, ta kwanta da shanyewar ɓarin jiki a Karakkai, magana ma ta ƙi fita, Bara'atu ta rasa inda za ta sa kanta. Ita kaɗai Iya ta haifa, aikin da ke ciyar da su yana Gusau, hanyar kuma ba wadda ake son bi da yamma ba ce. Zaharaddeen ne ya kawo mafita. Yayarsa zawarci take, kuma ta saba jinyar tsofaffi a gidajen mutane. Dangi suka yi ta sa albarka, ai 'yar gida ce, tunda har an kawo lefe. Babu wanda ya tambayi gidajen da ta zauna, balle yadda ta baro su.

"Yi haƙuri," ta ce a hankali. "Tsoro ne kawai."

"Daina tsoro, masoyiyata. Iya uwata ce ni ma."

Ta yi murmushi, amma zuciyarta ba ta kwanta ba.

Ranar Talata aka tashi yara da wuri. Ba ta gaya wa kowa ba, ta shiga motar Bungudu, daga can ta hau mashin zuwa Karakkai.

Tsakar gidan shiru. Ƙofar ɗakin Iya da kwaɗo a garƙame ta waje.

"Yaya Uwani! Yaya Uwani!"

Hanatu maƙwabciyarsu ce ta leƙo ta katanga, fuskarta duk kunya.

"Ta tafi suna tun safe. Haka take fita, Bara'atu... Na so in gaya miki, sai na ga surukai ne, kada in ɓata."

Da taɓarya suka ɓalle kwaɗon.

Wari ne ya fara tarbar su. Iya na kwance cikin fitsari, bakinta a buɗe, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Hannunta mai lafiya, wanda da shi kaɗai take iya jawo kofi, an ɗaure shi da ɗankwali a jikin ƙarfen gado. Ga kofin ruwan can a kan kujera, inda ba za ta kai ba.

"Iya! Iyata! Ni ce!"

Ko motsi. Da suka juya ta don su canja mata zane, Hanatu ta saki salati. Bayanta ya kwaile, gyambo ya ci ya yi rami. A ƙarƙashin filo kuma ga ƙwayoyi cikin leda, waɗanda babu su a magungunan da likita ya rubuta.

A asibiti a Gusau, likita ya juya ledar a hannunsa, ya dubi Bara'atu.

"Wa ke ba ta wannan? Maganin barci ne mai ƙarfi. Ga mai irin ciwonta, da an ci gaba, wata rana ba za ta farka ba."

Kafin la'asar Zaharaddeen ya iso a firgice. Suka tsaya a barandar asibitin. Ledar kawai ta miƙa masa.

Ta ga yadda fuskarsa ta sauya. Ba mamaki ta gani ba.

"Zahar... ka san shi?"

Ya zuba wa ledar ido.

"Ka san shi?!"

"Ni na saya." Muryarsa ta yi ƙasa. "Yaya Uwani ta ce Iya ba ta barci, tana ta mutsu-mutsu za ta faɗo daga gado. Na je kyamis. Wallahi taimako na yi niyya, Bara'ata, wallahi!"

"Ranar da na ce maka barcinta ya yi yawa, ka riga ka saya?"

Ya kau da kai.

"Ka dube ni ka ce in daina tsoro..."

"Na yi mata magana a ranar! Ta ce ta daina!"

"Ita ka yi wa magana. Ni fa? Uwar wa ce a kwance?"

Hawaye suka zubo masa. A shekarunsu tare ba ta taɓa ganin kukansa ba, abin da ya fi ba ta haushi kuma shi ne har a lokacin zuciyarta so take ta lallashe shi.

"Duk hukuncin da za ki yi, ki yi a kaina," ya ce. "Amma ki rufa mata asiri. Za ta tafi a hankali. Dama akwai wani tsoho a Tsafe da 'ya'yansa ke neman ta, sai ta koma can, magana ta mutu."

Bara'atu ta ɗago da sauri.

"Wani tsoho?"

"Eh. Shi ma a kwance yake."

"Yana magana?"

"...Ba sosai ba."

Ta matso gabansa.

"Kana nufin in yi shiru, a kai ta ta kulle uban wasu?"

"Da wannan aikin take ci! Idan maganar ta fita babu mai sake ɗaukar ta. Ita ta goya ni, Bara'atu. Ta kwana da yunwa don in ci. Idan kika tona ta, da wane ido danginmu za su zo ɗaurin aure?"

"Hanatu ma shirun ta yi don kada ta ɓata aure. Shiga ka ga bayan Iya."

"Don soyayyarmu..."

"Kada ka sa ta a ciki, don Allah. Ita kaɗai ta rage min mai kyau."

Washegari ta gaya wa kawunta komai, har da wanda ya sayi maganin. Suka je Tsafe tare, suka nemi gidan tsohon. Babban ɗansa ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya yi mata godiya.

Uwani ba ta musa ba. Cewa ta yi ita kaɗai aka bar wa mara lafiya dare da rana, ba mai karɓar ta ko na yini guda, in ba ta ɗaure ta ba ta faɗo a ce ita ce. Maganar ta soki Bara'atu, don akwai gaskiya a ciki. Amma gaskiyar ba ta cike ramin da ke bayan Iya ba.

Zaharaddeen bai sake kira ba. Ita ma ba ta kira ba, duk da sau da yawa takan buɗe lambarsa ta zuba mata ido.

Da aka sallami Iya, Bara'atu ta nemi canjin wurin aiki zuwa Bungudu. Ita da Hanatu da matar kawu suka raba jinyar, ƙofa a buɗe, kowa na shiga.

Wata safiya mata uku suka yi sallama, gwaggonnin Zaharaddeen. Gaisuwar a tsaye aka yi ta. Sun zo karɓar lefe.

Iya na jingine a tabarma a inuwar tsakar gida, Bara'atu na ba ta kunu. Tsohuwar ta ga mata cikin kwalliya suna fitowa da akwatuna a kai, sai idanunta suka yi haske. Rabin fuskarta mai motsi ya yi murmushi. Ta ɗaga hannu da ƙyar ta kai hanci, ta buɗe baki, wani siririn sauti ya fito a karkace.

Guɗa take yi.

Matan suka yi cak a bakin zaure. Ɗaya ta rufe fuska da mayafi.

"Bi... ki?" Iya ta ce, tana duban ɗiyarta.

Bara'atu ta matso kusa da ita. Ta goge kunun da ya zubo a haɓar Iya, hawaye na sauka a kan hannunta.

"Eh, Iya," ta ce. "Sha kununki kada ya huce."